Igiyar Gaba Ashirin da Huɗu

Sau biyu ina zama jarrabawar bak, ta kammala sakandare, sau biyu ina faɗuwa, kuma duka biyun lissafi ne ya kayar da ni. Na farko ina budurwa mai shekara goma sha tara. Na biyu ina goye da ɗana na uku. Daga nan na ce na bar ta har abada, na ci gaba da koyarwa a firamare a nan Tanout da takardata ta kolej, kuma ban ga abin da ya rage ni da shi ba.

Mai tayar mini da tsohon miki ita ce ƴar farina, wadda ko sunanta ba na kamawa saboda kunya. Shekararta goma sha shida lokacin, saura aji ɗaya ta gama lise, wato babbar sakandare. Wata rana ina tankaɗe, tana tsince shinkafa, sai ta ce ba tare da ta ɗago kai ba:

"Inna, baɗi fa ni ma zan zauna bak. In kina so ki bari mu tafi tare, a sa mu benci ɗaya, sai in riƙa karkato miki takardata."

Kai! Na jefe ta da murfin kwano, ta kauce tana dariya. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ni in shiga ɗaki ɗaya da ƴar farina, a kira sunanta a tsallake nawa? Wallahi ba da ni ba. Washegari na kai takarduna aka rubuta ni cikin masu zama jarrabawa daga gida, waɗanda ba su zuwa aji. Na yanke wa kaina hukunci: ko bana, ko kuma shi ke nan, don baɗi filin nata ne.

Gidana ba wurin karatu ba ne, yara huɗu da awaki da rediyon maigida. Saboda haka in na taso daga lakwal, makarantar da nake koyarwa, bayan la'asar, sai in ɗauki kaye, wato littafin rubutu, da littafin lissafi in tafi zauren Baba. Mahaifina tufkar igiya ce sana'arsa tun kafin a haife ni. Kaba yake jiƙawa ya tsaga, ya tufka igiyar rijiya mai kauri, irin wadda ake ɗaura wa raƙumi ko jakuna su ja guga, don rijiyoyinmu na Damergu ba a jan su da ƙarfin hannu kawai. Idonsa ya yi rauni a lokacin, amma hannunsa bai san da wannan ba. A tsakiyar zauren akwai turaku biyu da ya kafa, tsakaninsu gaba guda cif, wato tsawon buɗin hannu biyu, da su yake awo. Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ɓangaren da ya fi ba ni ciwon kai shi ne wanda ake tara lambobi da yawa a ce ka faɗi abin da suke nunawa. Akwai muwayen, wanda kowa ya sani tun firamare: ka tara duka ka raba. Sai kuma mod, da mediyan, da santil. Na haddace bayanin kowanne da Faransanci, zan iya karanto maka su ina barci, amma in aka ajiye mini lambobi sai kaina ya ɗaure. Littafin ma bai taimaka ba. Misalansa duka jinkirin jirgin ƙasa ne da yawan ɗakunan otel. Ni da ban taɓa sa jirgin ƙasa a ido ba, ina ruwana da ya makara?

Ran nan haushi ya ishe ni, na rufe littafin da ƙarfi, na ce, "Baba, rijiya nawa ka sani?"

"Wadda na sha ruwanta, ko wadda na yi wa igiya?"

"Wadda ka yi wa igiya. Faɗo mini zurfinsu, ina son lambobin da na san kansu."

To fa, na taɓo inda yake so. Baba ba ya faɗin zurfin rijiya haka kawai, sai ya haɗa da labarinta. Wannan ruwanta da ɗan kanwa-kanwa, waccan a gindin aduwa take, wata kuma maginanta sun yi damina biyu ba su ga laima ba. Daga yankin Gangara ya ɗauko, ya zagayo ta Tenhya, ya leƙa wajen Belbédji. Ina ta cewa, "Baba, lambar kawai," yana cewa, "Ki bari mana, ina zuwa." Kafin magariba na samu rijiya ashirin a kayena. Mafi kusa gaba goma sha biyu, mafi zurfi gaba arba'in da shida.

Na tara su, suka ba ni ɗari huɗu da tamanin. Na raba da ashirin, sai ga ashirin da huɗu, ba ragowa. Daɗi ya kama ni.

"Baba, ka san zurfin rijiyar Damergu? Gaba ashirin da huɗu ne."

Bai daina tufka ba. "A wane gari take?"

"Ba a gari take ba, lissafi ne."

"Uhm," ya ce. Ni kuwa na ɗauki wannan uhm ɗin a matsayin ya sallama.

Bayan kwana uku aka yi rasuwa a Gangara, Baba ya tafi ta'aziyya zai kwana biyu. Ina zaune a zauren ni kaɗai da kayena sai ga sallama. Wani tsohon Buzu ne, abokin Baba na shekara da shekaru, makiyayi, dogo, ya naɗe fuska da rawani sai idanu kawai. Tun ina yarinya nake ganinsa, ban taɓa ganin bakinsa ba. Ya ce igiyarsa ta tsinke, ga rani ya yi tsanani, dabbobi na jiransa a daji, yau zai juya.

"Gaba nawa za a yanka maka, Baba?" na tambaye shi.

"Babanki ya sani. Irin ta kullum."

Abin da ya kamata in ce shi ne ya jira mai sana'a ya dawo. Amma ina! Mace mai shirin bak, ga lissafi a kaye, ga dogon naɗin igiya da Baba ya gama tufkawa a jingine. Na ja ta kan turaku ina ƙirgawa da ƙarfi don ya ji, na yanka gaba ashirin da huɗu, na ƙara ɗan abin ɗauri. Ya ɗaga ta ya jinjina, ya ce ta yi masa sauƙi a hannu. Na ce masa sabon awo ne na zamani. Allah ya yafe mini, haka na ce.

Da Baba ya dawo na gaya masa abokinsa ya zo na sallame shi. Ban faɗi gaba nawa ba, shi ma gajiya ta hana shi tambaya.

Kwana biyar tsakani, da hantsi ranar da ba lakwal, muna zaune ni da Baba da ƴar tawa, sai muka ji gurnanin raƙumi a ƙofa. Tsohon ya shigo ko sallamar kirki babu, ya jefar da igiyar a gaban Baba. Rawaninsa duk ya yi dabbare-dabbare da laka, gefe ɗaya ya yage.

"Wa ya auna wannan?"

Na sunkuyar da kai ina duban ƴan yatsun ƙafata.

Ya zauna ya ba da labari, yana yi yana huci. Sun isa rijiya da sassafe, ba kowa sai su. Rijiyar gaba ashirin da takwas ce. Aka saki guga, ta tafi, ta tafi, sai ta tsaya tana lilo a iska. Ana hango ruwa yana ƙyalli a ƙasa, raƙuma sun ji ƙanshinsa suna ta kuka, tumaki sun yi cincirindo a kwami. Ya kwance akalar raƙuminsa ya ƙulla, bai kai ba. Ya duba gabas ya duba yamma, ba mai igiya ko ɗaya. Rana na ɗagawa.

"Sai na cire rawanina," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Na ƙulla shi. A gaban surukina, mijin ƴata! Shekara ashirin yaron nan bai san ina da baki ba. Ranar ya ƙirga haƙorana."

Wanda bai zauna da Buzaye ba ba zai gane girman wannan ba. Dattijo ya buɗe fuska gaban suruki, ai gara a ce ya faɗi a kasuwa. Ya ce da hannun riga ya toshe bakinsa har aka gama shayar da dabbobi, yana ba da umarni ta cikin hammata.

Baba ya yi ƙoƙari, na ga ya yi. Ya cije leɓe, kafaɗunsa suka fara rawa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da hawaye, yana dukan cinyar abokinsa yana cewa, "Haƙora nawa ya samu?" Ƴar tawa ta ruga cikin gida tana riƙe da ciki. Tsohon ya harare su, ya harare su, can sai muka ga rawanin yana motsi, ashe shi ma dariyar yake yi a ciki. Baba ya ba shi haƙuri, ya sa hannu ya auna masa gaba talatin da biyar, aka kawo fura suka sha, suka rabu lafiya.

Ni kaɗai ce ban yi dariya ba. Da raƙumin ya tafi na tattara littattafaina na ce, "Baba, na fasa. Wadda ta kusa kashe dabbobin mutane da ƙishirwa ba ta da abin yi a ɗakin jarrabawa. Kaina ba na lissafi ba ne, na yarda." Ina faɗa ina jin ƙwalla, don da gaske nake, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

"Uwata, zauna," ya ce. Ya ɗaga murya ya kira jikarsa, wadda yake tsokana da amarya. "Amarya, in kin gama dariyar, ɗebo mini kara a dangar baya."

Ta kawo rungume guda. Ya ce in karanto masa rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Kowace na faɗa sai ya auna kara da faɗin yatsa, yatsa ɗaya gaba ɗaya, ya karya. Da suka cika ashirin ya share ƙasa da tafin hannu, ya ce in jera su daga gajere zuwa dogo, gindinsu a layi ɗaya. Na jera ina kumbure-kumbure.

"To, nuna mini rijiyarki mai ashirin da huɗu."

Na duba. Akwai mai ashirin da biyu, daga ita sai masu ashirin da biyar guda biyu. Tsakaninsu ba komai.

"Babu," na ce.

"Ɗora yatsanki a wurin da za ta zauna in da akwai ta. Kara nawa suka fi ta tsawo?"

Na ƙirga. Takwas. Rijiya takwas cikin ashirin da igiyata ba za ta taɓa ruwansu ba, kuma na ba mutumin da ke yawo daga wannan zuwa waccan. Sai a lokacin na gane girman ɓarnar da na yi.

Baba ya shafa karan da hannu, tun da ido ba ya ba shi, ya tsaya a kan wasu guda shida da kansu ya zo daidai. "Waɗannan fa?"

"Gaba ashirin-ashirin ne. Su shida."

"Su suka fi yawa. Shi ya sa kullum za ki ga ina da igiyar gaba ashirin a rataye ko ba wanda ya ce in yi. In mutum ya shigo daga ƙauyen kusa, kafin ya buɗe baki na san galibi ita zai nema."

Na zabura. "Baba! Wannan ai shi ne mod! Lambar da ta fi yawan fitowa!"

"Ko ma wane ne sunansa, ni dai ban taɓa kwana da ita ba a saya ba."

Ƴar tawa ta tsuguna ta sa yatsa tsakanin kara na goma da na goma sha ɗaya, ta ce, "Ga mediyan ɗinki nan kuma, Inna. Rabi a hagu, rabi a dama." Na buge mata hannu na ce na gani, ba makauniya ba ce ni. Amma gaskiya sai da ta nuna na gani.

"Saura matafiyi," in ji Baba. "Shi bai san rijiyar da zai kwana a kanta gobe ba. Ƙirgo daga gajerun, ki tsaya a na goma sha takwas."

Na tsaya a kan mai gaba talatin da biyar. Biyu kawai suka rage a gabansa, mai arba'in da mai arba'in da shida.

"Ita nake ba shi. Cikin rijiya goma za ta kai ruwa a tara."

"To me ya hana ka ba shi mafi tsawon duka, a huta?"

"Ke za ki ɗaukar masa? Igiya in ta jiƙe nauyi gare ta, raƙumi kuma ga kaya ga yara. Waɗancan biyun manyan rijiyoyi ne, ba a rasa mutane a kansu, sai a ƙulla da ta wani. Ba a wahalar da dabba wata uku saboda rijiya biyu."

Na sake ƙirga karan nan. Tara cikin goma, casa'in cikin ɗari. Santil na casa'in ke nan, abin da na yi shekaru ina haddacewa ina mantawa, ga shi kwance a ƙasar zauren da na yi rarrafe a cikinsa. Wani irin daɗi ya taso mini tun daga ciki, na rasa abin yi, sai na kama dariyar da ban yi ba ɗazu.

"Nawa lissafin fa, Baba? Na banza ne ke nan?"

Ya ɗan yi tunani. "A'a. In aka ce in yi wa rijiyoyin nan ashirin igiya dukansu a lokaci guda, naki ne zai gaya mini yawan kabar da zan jiƙa. Amma kada ki ƙara ba mutum shi ya tafi daji."

Daga ranar na zama abin tsoro a unguwa. Duk abin da ya kai goma sai na jera shi. Na jera ƴan ajina a fili daga gajere zuwa dogo, na ciro na tsakiya na ce masa shi ne mediyan, yaron ya fashe da kuka yana cewa shi bai yi komai ba. Na zauna ƙofar aji ina duba lambar takalman da suka tuɓe don in ga wadda ta fi yawa. Na bi maƙwabta ina tambayar awaki nawa ke gare su, kowace sai ta ce, "Alhamdu lillahi, suna nan," ta ja ƙofarta, don a wurinmu ba a ƙirga wa mutum dabba da baki. Wata tsohuwa ma har da tofa addu'a a bayana. Maigida ya ce in na kuskura na jera shi da ƙannensa zai kai ƙara wurin Baba. Ƴar tawa kuwa ta zama malamata, tana ba ni lambobi a hargitse tana duba agogo, in na yi kuskure ta ce, "Inna, rawanin wani zai sake fita fa."

Ranar lissafi a ɗakin jarrabawa, ni ce babba a cikinsu, har wani yaro ya miƙe ya gaishe ni yana tsammanin mai tsaro ce. Da aka raba takardu na duba, ga tebur na lambobi, ana neman mod da mediyan da santil. Kaina ya fara ɗaurewa yadda ya saba. Sai na ja takardar gwaji na fara zana ƴan sanduna, gajere zuwa dogo, gindinsu a layi ɗaya. Mai tsaronmu ya zo wucewa ya tsaya a kaina.

"Madam, danga kike kafawa?"

"Rijiyoyi ne, Mushe," na ce, yadda ake kiran malami da Faransanci, ban ko ɗago ba. Ya girgiza kai ya wuce.

Ranar da za a faɗi sakamako an yi ruwa da safe, filin lise duk ƙanshin ƙasa. Aka fito da takarda ana kiran sunaye da ƙarfi. Na tsaya can baya na ja mayafi, ƴar tawa na riƙe da hannuna, tafinta ya fi nawa gumi. Aka kira, aka kira, har na fara lissafin hanyar da zan bi in koma gida ba wanda ya gan ni. Sai na ji sunana, da na Baba a bayansa. Ban zo ta ɗaya ba, ban ma kusa ba, amma an kira. Yarinyar nan ta saki guɗa a tsakiyar mutane ta ruƙunƙume ni, ni kuma na manta da wata kunyar ɗan fari, na kama sunanta da ƙarfi har sau biyu. Ta sake ni ta tsaya tana kallona baki buɗe, don ba ta taɓa jin sa daga bakina ba.

Da aka ba mu takardar shaida, ban biya gida ba, zaure na nufa. Baba na zaune ya ɗaura bakin igiya a turke yana tufka. Na durƙusa na sa masa ita a hannu. Ba ya karanta boko, idon ma babu, saboda haka ya yi mata abin da yake yi wa komai: ya shimfiɗa ta a cinya ya auna.

"Taƙi ɗaya da yatsa huɗu," ya ce. Ya sake aunawa don ya tabbata. "Uwata, wannan ƴar abar muka yi shekara goma sha takwas muna ja?"

Muka, ya ce. Ranar da na faɗi ta farko bai ce mini uffan ba, ta biyu ma haka, har na ɗauka abin bai dame shi ba. Ashe yana ƙirgawa, bai ɓatar da ko shekara ɗaya ba.

Ya juya fuska wajen bango ya ce ƙaiƙayin kaba ne ya faɗa masa a ido. Ya goge hannunsa a riga sosai kafin ya miƙo mini takardar, ya ce in ɗaga ta sama kada ta jiƙe. Na sa ta cikin kaye, na ɗora a kan taga, na dawo na kama masa bakin igiyar.